Malam Bai-Wuce-Ba

Ni da mijina sana'armu ɗaya, awo. Ni tela ce, in auna kafaɗa da ƙugu, in yanka, in ɗinka, mai kaya ta saka ta kama gabanta. Shi kuwa Malam abu guda ya yi ta aunawa tun gashinsa na baƙi har ya yi fari fat, bai gama ba. Sunan abin nutirino. Wai wata ƙwaya ce mitsitsiya da ba ta zama wuri ɗaya, ta ratsa bango, ta ratsa mutum, ta ratsa ƙasa ta ɓulla ta ɗaya gefen, ko sallama babu. Nauyinta suke nema, shi da mutanensa, a wani gini da ke bayan gari mai tankin ƙarfe da ya fi gidanmu girma.

Na taɓa tambayarsa yadda ake auna abin da ba ya kamuwa. Sai ya ajiye cokali, abin nema ya samu. Ya ce akwai wata iska da suke sakawa a bakin tankin, ƙwayoyinta na fashewa da kansu, kowace ta haifi biyu. Ɗaya ana kama shi, ɗayan kuwa, wato nutirinon, sulalewa yake yi. Sai a duba ƙarfin da wanda aka kama ya iso da shi, abin da ya yi giɓi shi ne rabon wanda ya gudu. Na ce, "Kamar in aiki mutum biyu su karɓo mini yadi, ɗaya ya iso da guntu, in gane abin da ɗan'uwansa ya yanke ke nan." Ya ce ban yi nisa da gaskiya ba. A bakin Malam wannan babban yabo ne.

Sai dai amsar ba ta taɓa fitowa cak ba. Duk bayan 'yan shekaru su tara jama'a su ce nauyin bai wuce kaza ba. Su koma su ƙara wasu shekarun, su dawo su ce bai wuce rabin kaza ba. Abin ya biyo shi har gida. Malam, sukari nawa? Kada ya wuce cokali. Yaushe za ka dawo? Ba zan wuce magariba ba. Ni na raɗa masa Malam Bai-Wuce-Ba, yara suka ɗauka. Wata rana don tsokana na ce son da yake mini nawa ne. Ya ɗan yi lissafinsa, sannan ya ce wannan kam bai gano iyakarsa ta sama ba tukuna. Kalmar so ke nan da na taɓa samu daga bakinsa, kuma ta riƙe ni.

Wata safiya ciwo ya same shi, yana sunkuye yana ɗaure igiyar takalmi. Na ji ƙarar kujera, na fito na tarar da shi a ƙasa, baki ya karkace. Aka yi asibiti, aka dawo. Ɓarin dama ya shanye, magana ta tafi gaba ɗaya, sai kalma guda da Allah ya bar masa, "to". Mutumin da ke tsayawa gaban ɗaruruwan mutane ya yi bayani har makogwaro ya bushe, yau ba shi da komai sai "to". Amma ba a yi wata ba na koyi karanta ta. Akwai "to" ta na ƙoshi, akwai ta gyara mini filo, akwai doguwar "tooo" ta kin cika surutu. Yaranmu duk suna nesa da aurensu da ayyukansu, sai waya. Na jawo keken ɗinkina falo kusa da kujerarsa, ina taka shi yana kallo.

Mutanen wurin aikinsa sun yi zuwan dubiya da farko, mota bayan mota. Da ƙafa ta fara ɗaukewa sai ya rage mutum ɗaya, wadda nake kira Doguwa. Ɗalibarsa ce tun tana 'yar siririya mai jin kunyar cin abinci a gabanmu, yanzu ita ce ta hau kujerarsa. Wata Laraba ta biyo ni kicin tana murza 'yan yatsu.

Ta ce, "Mama, akwai maganar da nake jin nauyin yi miki."

Na ce ta faɗa, ni yanzu ba abin da zai ba ni tsoro.

Ta ce suna da wata ƙa'ida a aikinsu. Idan mutum ya san amsar da ransa ke so, hannunsa kan karkata can ba da saninsa ba. Shi ya sa tun kafin a fara lissafi ake samun mutum guda ya zuba wata lamba ta ɓoye a ciki, ta gurɓata sakamakon, kowa ya yi aikinsa a makance. Sai an gama tas, an yarda babu sauran gyara, sannan mai lambar ya faɗe ta, a cire, amsar gaskiya ta fito. Yanzu sun gama, aikin shekaru. Kuma Malam ne mai lambar.

Na ce, "To ku duba inda ya rubuta mana."

"Bai rubuta ba, Mama. Ya ce abin da aka rubuta ana iya leƙawa. A kansa take."

Na yi dariya, dariyar da ta fi kuka ciwo. Mutumin da ko lambar wayata bai haddace ba.

Daga nan duk Laraba sai ta zo da wasu katuna masu lambobi, ta jera su a faranti a kan cinyarsa. Ta ce, "Malam, ko ta farko kawai ka nuna mini." Ya ɗaga hannun hagu, hannun ya yi ta yawo a kan katunan, ya taɓa wannan ya taɓa wancan, ya sauke ya ce, "To." Ta kwashe kayanta, ta zauna ta ba shi labarin wurin aiki, ta tafi.

Ni kuwa abin yana cina a rai. Ina kwana ina tashi da burin ya buɗe baki ya kira ni ko sau ɗaya, su kuma lamba suke jira. Ranar da tura ta kai ni bango, su uku suka zo, har da wani mai gilashi da ban taɓa gani ba. Ko "ya jiki" bai gama faɗa ba ya fara zaro katuna daga aljihu. Na tsayar da keke. Na ce, "Bawan Allah, miji nake jinya, ba akwatin ajiya ba." Na wanke su tas. Na ce da ba don lambar ba wane ne a cikinsu zai tako gidan nan? Su da ke da tankin da ya fi gida girma, da ƙwaƙwalwa kamar ta zube, su je su nemi wata hanya su bar mini bawan Allah ya huta. Suka fita sumui-sumui, har suka manta ledar lemon da suka kawo a hannun mai gilashi, ya koma da ita. Malam na ta "to, to, to" da ƙarfi, na ɗauka goyon bayana yake yi.

Larabar da ta biyo baya ba wanda ya zo. Tun hantsi idonsa na kan ƙofa. Na kawo shayi ya kau da kai, na kawo abinci ya tsuke baki. Da la'asar na tashi zan sauke tukunya, na jefa tef ɗina na awo a kan cinyarsa kamar yadda na saba. Da na dawo bai ji motsina ba. Ya warware farkon tef ɗin a kan gwiwa, yana danna farcen babban yatsa a kan lambobi. Bakwai. Biyu. Biyu. Tara. Huɗu. Ɗaya. Ya ɗaga yatsa, ya koma farko. Bakwai, biyu, biyu, tara, huɗu, ɗaya. Hannun da ke yawo a kan katunan Doguwa kamar na makaho, ga shi nan ko rawa ba ya yi.

Na ce a hankali, "Bakwai, biyu, biyu."

Ya zabura. Ya cafki wuyan hannuna da ƙarfin da ban san yana da sauransa ba. Ya girgiza kai, ya kalli ƙofa, ya kalle ni, idanu sun cika. Ya ce, "To." Wannan ta roƙo ce.

Na zauna a ƙasa a gaban kujerarsa. Ashe yana sane, tun farko yana sane. Ya yi lissafinsa, kuma lissafin Malam ba ya kuskure. Ranar da ya ba da lambar nan ba sauran abin da zai kawo su, zai zama tsoho mai shanyewar jiki da ake gaisarwa ta waya. An karɓe masa baki, an karɓe hannu, an karɓe ofis. Abu guda ya rage da duniya ke nema a wurinsa, shi ya ƙanƙame. Na yi kuka ranar, wallahi, har da na haushin cewa ni da nake wanke shi ina shafa masa mai ban ishe shi ba.

Washegari na kira Doguwa na ba ta haƙuri. Na ce gajiya ce ta sa ni, ta dawo, ta zo da katunanta. Ta dawo kuwa.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi daɗi tun faɗuwarsa. Ranar Laraba tun da sassafe yake nuna mini haɓarsa in yi masa aski. In sa masa riga mai guga, in ɗora masa hula, in goge tabarau, in juya kujera ta fuskanci ƙofa. Doguwa ta jera katuna, hannu ya yi yawonsa, ni ina bakin keke na sunkuyar da kai kamar ban san komai ba. Sannan a shiga hira. Ta ce wani famfo ya fara ƙara, sun ce a canza shi, ya ce "to" ta a'a. Ta ce ita ma ta ce a fara duba bawul, wato makunnin bututun, ya ce "to" ta yauwa. Har dariya na ji ya yi, da rabin baki. Ranar yakan cinye abincinsa ya nemi ƙari. Ni da ban iya ƙarya ba, na zama abokiyar ƙaryar mijina, kuma ban ji ko ɗar ba.

Sai wata Laraba ta sake biyo ni kicin, wannan karon fuska a sake.

"Mama, albishirinki. Maganarki ta yi aiki."

"Wace maganar?"

"Da kika ce mu nemi wata hanya. Tun ranar muka zauna. Mun koma kan asalin bayanan da na'ura ta tara, mun fara lissafin daga tushe da sabuwar lamba, mutum uku ke riƙe da ita yanzu. Wahala ce, amma ya kusa. Ba sai mun ƙara takura wa Malam ba."

Na buɗe baki zan ce mata yana sane, sai na tuna yadda ya riƙe hannuna. Asirin mijina ne, ba nawa ba, kuma in na faɗa me za ta ɗauke shi, shi da ya koya mata cewa ba a wasa da gaskiya a aiki? Na ce kawai, "Don Allah kada ki gaya masa. Kuma ki ci gaba da kawo katunan, suna motsa masa ƙwaƙwalwa." Ta kalle ni da mamaki, ta ce ba komai.

Ba zan ci haƙƙinta ba, ta yi ƙoƙari. Amma aiki ya taso mata ba ji ba gani. Wata Larabar ta zo ta manta katunan. Wata ta aiko saƙo tana taro. Wata ko saƙon babu. Ni dai ban fasa aski da guga ba. Ya zauna da hularsa yana kallon ƙofa, in mota ta rage gudu a layinmu ya miƙe wuya, in ta wuce ya koma. Da magariba in cire masa hular, ba mai kallon wani a cikinmu. Ya fara ramewa, wuyan rigar da na ɗinka masa daidai ya koma yana masa yawa.

Na san abin da yake saƙawa. Gani yake ya ja abin ya yi tsawo, sun yi fushi, sun gaji da shi. Wata safiya, ba ma Laraba ba, ya nuna tef ɗin da ke wuyana. Na ba shi. Ya shimfiɗa a gwiwa, ya kama yatsana ya ɗora a kan lambobin ɗaya bayan ɗaya, har sau biyu. Sannan ya nuna mayafina da ke rataye, ya nuna ƙofa.

Na ce, "Malam, in kai musu?"

"To."

"Ka tabbata?"

Ya nuna haɓarsa. Wato in yi masa aski kafin in tafi, don in na kai lambar ai tare za mu dawo da su. Na yi masa, na sa masa hula, na juya kujerar. Na roƙi maƙwabciyata ta riƙa leƙa shi, na hau bas.

Shekarun nan duka ban taɓa shiga ginin ba sai ranar. Mai gadi ya kira ciki, aka rataya mini kati a wuya. Dogon baranda, fitilu farare, da wani gurnani da ake ji ta tafin ƙafa. Ta wani gilashi na hango tankin kwance, an naɗe shi da wayoyi da bututu, mutane a gindinsa kamar tururuwa. Na ce a raina, ashe kai ne ka cinye mini ƙuruciyar miji. Na wuce wata ƙofa da har yanzu sunansa ke jiki. A buɗe take, an tara kwalaye a kan teburinsa, wani ya jingina kekensa a jikin kabad.

A ɗakin taro na sami Doguwa. Tebur cike da kofunan takarda da faranti masu ragowar kek, wata mata na kwashewa. Allo cike da zane, an ja wa wata lamba layi biyu a ƙasa. Tana ganina ta miƙe, fuskarta ta faɗi.

"Mama. Lafiya? Malam ne?"

"Lafiyarsa lau. Kun buɗe amsar ke nan."

"Jiya, Mama. Wallahi na yi niyyar kira."

Na ce, "Aiko ni aka yi, bari in sauke saƙo. Bakwai, biyu, biyu, tara, huɗu, ɗaya."

Ta yi tsaye kamar an dasa ta. Can ta jawo kwamfuta ta zauna, ta nemo tsohon lissafin da ke kulle, ta buga lambar. Muka jira. Wani zane ya fito, ta kalli allo, ta kalli zanen, ta rufe baki da hannu.

"Daidai da namu ne. Ko kaɗan bai kauce ba." Hawaye na zubo mata. "Yaushe ya tuna?"

Na ce, "Yau da safe." Ƙarya ta ƙarshe ke nan da na yi mata. Na ce, "To nawa ne nauyin, in kai masa?"

Ta faɗa mini, bai wuce kaza ba. Ta ce sun ƙara matse shi sosai, ba a taɓa kaiwa nan ba. Na sa ta maimaita har na riƙe. Na ce ko za ta raka ni, ko na rabin awa ne. Ta duba agogo, ta ce 'yan jarida na hanya, shugabanni ma na jira, amma Asabar in Allah ya yarda za su zo gaba ɗayansu. Na ce Allah ya kai mu. Ta naɗe mini yankin kek a takarda.

Yadda na bar shi haka na same shi, hula a kai, tabarau a ido. Da na turo ƙofa bai kalle ni ba, bayana ya kalla. Ya leƙa ta dama, ya leƙa ta hagu. Na mayar da ƙofar na rufe a hankali.

Na durƙusa a gabansa na ce, "Malam, ka ga yadda suka yi murna kuwa? Kai kaɗai suke jira. Ina faɗa aka buga, aka buɗe a gabana." Na gaya masa bai wuce kaza ba. Ya lumshe ido, leɓensa na motsi, ya gyaɗa kai, amsar ta yi masa. Na ji daɗi, na zaro takardar na warware. "Ga ma kek ɗin murnar, sun ce a kawo maka."

Ya karɓa da hannun hagu. Ya danna gefen da yatsa. Kek ɗin ya bushe, ya kwana. Ni da nake gane yadin da aka taɓa wankewa daga nesa, ban lura ba, shi kuwa duk rayuwarsa a kan lura da ɗan giɓi ya ƙare ta. Ya daɗe yana kallon kek ɗin, sannan ya ɗago ya kalle ni, ba fushi, ba zargi.

Ya ce, "To."

Ban taɓa jin irin wannan ba, amma na gane ta, kuma da ma ban gane ba. Ya ajiye kek ɗin a hannun kujera. Ya cire hular da kansa ya ɗora a gwiwa. Tef ɗina na nan a cinyarsa tun safe, ya naɗe shi da yatsu uku, a hankali, har ƙarshe, ya miƙo mini.

Ranar Asabar na kawo ruwan aski, ya kau da kai. Na kama kujerar zan juya ta wajen ƙofa, ya sa ƙafarsa mai lafiya ya tokare ƙasa.